Daga tekun Libiya zuwa Damargu: Yadda kayan gyara ke kwantar da jiragen yaƙi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut ta miƙe zuwa Agadas ya san yadda ƙarfe ɗaya ke kwantar da babbar mota. Za ka tarar da ita a gefen hanya cike da buhunan gero, injinta lafiya, tayoyinta lafiya, direba da yaransa sun shimfiɗa tabarma a inuwarta suna dafa shayi. Abin da suke jira bai fi tafin hannu ba, amma sai ya taso daga Damagaram, wani lokaci ma daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A Belbeji, da ke yamma da Tanut, haka mai injin niƙa yake fama, haka ma garin da famfon burtsatsensa ya tsaya.

Irin wannan jiran ne ke damun manyan rundunonin sojan duniya, kuɗin ne kawai ya bambanta. Babu kuma inda abin ya fi tsanani kamar a jiragen yaƙin da ke tashi daga kan jirgin ruwa.

Me ya haɗa Damargu da jirgin ruwa?

Tsakanin Belbeji da teku mafi kusa akwai kusan kilomita 1,000, don haka tambayar tana kan hanya. Amsar tana cikin shekarar 2011.

A ranar 19 ga Maris na wannan shekarar Faransa ta fara kai hare-hare ta sama a kan dakarun Mu'ammar Gaddafi. Sunan da ta raɗa wa farmakin shi ne Harmattan, wato iskar hunturu. Washegari jirgin ruwanta mai dakon jiragen yaƙi, Charles de Gaulle, ya bar tashar Toulon ya nufi gaɓar Libiya ɗauke da jirage samfurin Rafale M da Super Étendard. Watanni suka yi suna tashi daga tsakiyar teku suna jefa bama-bamai suna komawa.

Abin da ya biyo baya mutanen Damargu ba sa buƙatar a ba su labarinsa. Dubban 'yan Nijar da ke ci-rani a Libiya sun dawo ta Dirku da Agadas, da yawansu hannu rabbana, kuɗin da suke aiko wa gida ya yanke. Makaman rumbunan Gaddafi suka bazu cikin Sahara, arewacin Mali ya faɗi a 2012, daga nan jiragen Faransa suka samu mazauni a Yamai, Amurka kuma ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da kuɗin da ya kai kusan dala miliyan 110.

To, ina jiragen Super Étendard ɗin suka ƙare? Faransa ta yi musu ritaya a 2016. Ajantina ta sayi guda biyar a kan kusan yuro miliyan 12, aka sauke su a ƙasar a 2019. Ko ɗaya bai tashi ba.

Ba injin ne ya hana su tashi ba, ba kuma fiffike ba. Kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi tana aiki ne da wasu ƙananan harsasai masu wa'adi, kamar magani, kuma kujerar ƙirar kamfanin Martin-Baker ne na Birtaniya. Birtaniya kuwa ba ta manta cewa a 1982, lokacin yaƙin tsibiran Falkland, Super Étendard na Ajantina ne ya harbi jirgin ruwanta HMS Sheffield da makami mai linzami na Exocet ba. Ta hana a sayar wa Ajantina kayan soja da suka fito daga hannunta. Jirage biyar suka zauna a rumfa shekara da shekaru saboda abin da mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya.

Dalilin da ya sa suke cin kayan gyara

Jirgin yaƙi na ƙasa yana da titin kilomita biyu ko uku da zai yi gudu a kai kafin ya ɗaga. Na kan teku ba shi da wannan gatan. A jiragen ruwan Amurka da Faransa, wata na'ura ce mai kama da majaujawa ke fizgar jirgin ta ƙafarsa ta gaba, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya tashi daga tsaye cak zuwa gudun da ya haura kilomita 240 a sa'a. Wajen sauka kuma akwai ƙugiya a wutsiyarsa da za ta kama igiyar ƙarfe da aka miƙe a kan dandamalin, ta tsayar da shi cikin kusan mita 100. Matuƙan ba sa lallaɓa jirgin ya sauka a hankali yadda na fasinja ke yi, buga shi suke yi a ƙasa da gangan don ƙugiyar ta kama.

Kowane tashi da kowace sauka na cin wani abu a jikin jirgin. Ƙafafu, tayoyi, birki, ƙugiya, mahaɗar fiffike da ake naɗewa don a samu wurin ajiya, duk suna da adadin aikin da za su yi a cire su ko da a ido ba su nuna komai ba. Ita kanta igiyar ana sauya ta bayan sauka ɗari da 'yan kai. Ga gishirin teku da ke cin ƙarfe dare da rana.

Idan abu ɗaya ya kuskure, asarar ba ƙarama ba ce. A watan Mayun 2025, a Tekun Maliya, igiya ta kasa riƙe wani F/A-18 Super Hornet da ke sauka a kan USS Harry S. Truman. Matuƙan biyu suka cilla kansu waje aka ceto su, jirgin da kuɗinsa ya haura dala miliyan 60 ya nutse.

Kuma a tsakiyar teku babu Ƙofar Ruwa. Jirgin ruwan na ɗauke da rumbun kayan gyara da bitar kanikawa a cikinsa, abin da babu kuma sai an kawo shi ta sama. Shekaru da dama wani jirgin dakon kaya mai suna C-2 Greyhound ne ke wannan aikin ga Amurka. Ɗaya daga dalilan da suka sa ake maye gurbinsa da CMV-22 Osprey shi ne babban sashen injin sabon jirgin F-35 ba ya shiga cikinsa.

Darasin Iran

Idan ana maganar kayan gyaran irin waɗannan jirage, labarin da ya fi kowane shahara na Iran ne. A zamanin Sarki Muhammad Reza Pahlavi, ƙasar ta yi odar F-14 Tomcat guda 80 daga kamfanin Grumman na Amurka, aka kai mata 79. An ƙera jirgin ne don sojan ruwan Amurka, kuma Iran ce kaɗai ƙasar waje da aka taɓa sayar wa, duk da ba ta da jirgin ruwan da za ta ɗora shi.

Juyin juya halin 1979 ya mayar da aboki abokin gaba cikin 'yan watanni. Kanikawan Amurka suka tattara suka tafi, kayan gyara suka yanke, sai ga yaƙi da Iraƙi a 1980. Abin da Iran ta yi shi ne abin da kowane bakanike a tasha ya sani: a kwance wannan a tayar da wancan. Wasu jiragen suka koma rumbun kayan gyaran 'yan uwansu. Ta kuma koyi ƙera wasu sassan da kanta, sauran ta neme su ta hannun dillalai a kasuwar bayan fage.

Ɓarakar da dillalan suka samu a cikin Amurka take. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta saba yin gwanjon rarar kayan soja, kuma bincike ya nuna masu saye a madadin Iran na shiga wannan gwanjon. Da sojan ruwan Amurka suka yi wa F-14 ritaya a 2006, sai aka dakatar da sayar da kayan gyaransa a farkon 2007, aka kuma kawo injinan daddatsa ƙarfe zuwa sansanin Davis-Monthan a jihar Arizona, aka riƙa markaɗe jiragen ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta gwammace ta mayar da jiragen miliyoyin daloli gwangwan a kan ƙusa ɗaya ta isa Tehran.

Duk da haka Iran ta ci gaba da riƙe wasu daga cikinsu har kusan shekara 50. A yaƙin watan Yunin 2025, Isra'ila ta ce ta lalata wasu a ƙasa. Abin a yaba wa kanikawan ne, amma ƙasar da ta fara da 79 ta yi ta raguwa ne kawai, ba ta taɓa ƙara ko ɗaya ba.

Mai ƙerawa ma yana kuka

Kada a ɗauka matsalar ta masu saye ce kaɗai. A farkon 2017 rahotanni sun nuna kusan biyu cikin uku na jiragen F/A-18 na sojan ruwan Amurka ba sa iya tashi, wasu suna layin babban gyara, wasu suna jiran kaya. Shekara guda kafin nan, an bayyana a majalisar dokokin ƙasar cewa sojojin kundumbala sun je har gidan tarihi suna neman wani sashe a jikin tsohon jirgin da aka ajiye don 'yan kallo. Sai da sakataren tsaro na lokacin, James Mattis, ya ba da umarni a 2018 cewa a kai kashi 80 cikin 100 na jiragen su zama a shirye.

Sabon jirgin F-35 ma bai tsira ba. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya gano cewa a watan Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin 100 ne kawai ke iya fita aiki, kuma ƙarancin kayan gyara na cikin manyan dalilai. Ofishin ya ƙiyasta cewa kula da jiragen tsawon rayuwarsu zai ci kusan dala tiriliyan 1.6, wato ninkin ba ninkin kuɗin sayensu.

Kano, Makurɗi da Kainji

Najeriya ta sha wannan ruwan tun da wuri. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon jiragen yaƙi. Tarayyar Sobiyat ta amsa, kuma a filin jirgin saman Kano aka sauke jiragen MiG na farko a watan Agustan wannan shekarar.

A 1984 kuma, ƙasar ta fara karɓar jiragen Jaguar guda 18, ƙirar haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa, aka girke su a Makurɗi. Shi ma Jaguar yana da ɗan uwa na teku: Faransa ta gwada wani samfurinsa a kan jirgin ruwan Clemenceau, kafin ta yi watsi da shi a 1973 ta zaɓi Super Étendard. Jiragen Najeriya ba su yi shekara goma suna aiki ba. Farashin mai ya faɗi, kuɗin kula da su ya gagara, zuwa farkon shekarun 1990 an ajiye su, jikinsu kusan sabo. Takunkumin makamai da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa gwamnatin Janar Sani Abacha a 1995, bayan rataye Ken Saro-Wiwa, ya ƙara dagula lamarin ga sauran jiragen da ƙasashen Yamma suka ƙera.

Ko a 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Jiragen na Isra'ila ne, amma ƙirar Amurka ce, kuma dokar Amurka ta ce ba a miƙa kayan sojanta ga wata ƙasa ta uku sai da izinin Washington.

Shi ya sa cinikin A-29 Super Tucano guda 12, da suka iso a 2021 aka girke su a Kainji, ya ci kusan dala miliyan 500. Mutane da yawa sun raba kuɗin gida 12 suka ce an yi tsada. Amma a cikin kuɗin akwai makamai, horar da matuƙa da kanikawa, gyaran sansanin da kuma kayan gyara na shekaru. Rundunar sojan saman ƙasar ta kuma fara yi wa jiragenta na C-130 babban gyara a Ikeja maimakon kai su waje. Ba a ce an gama da matsalar ba, amma an gane inda take.

Inda Nijar ta tsaya

A nan ne maganar ta dawo gida. Rundunar sojan saman Nijar ƙarama ce, amma idan ka dubi jiragenta kamar ka shiga taron Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Akwai Su-25 guda biyu da aka sayo daga Yukiren a 2013. Akwai jirage masu saukar ungulu na Gazelle da Faransa ta bayar, da na Mi ƙirar Rasha. Akwai Cessna Caravan da Amurka ta bayar, da manyan jiragen dakon kaya C-130 guda uku da ta fara miƙawa a Janairun 2021. Sai jirage marasa matuƙa na Bayraktar TB2 guda shida daga Turkiyya a 2022.

Kowane samfuri na da nasa kayan gyaran, nasa man, nasa littafin aiki, da nasa kanikawan da aka horar a ƙasa daban da harshe daban. Ƙusar wannan ba ta shiga wancan. Kuma bayan kowane samfuri akwai wata gwamnati da sai ta sa hannu kafin kaya su fito.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, dangantaka da biyu daga waɗannan gwamnatocin ta lalace. Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta a watan Oktoban 2023. Sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba. A Maris ɗin 2024 Yamai ta soke yarjejeniyar soja da Washington, a Afrilu masu horarwa daga Rasha suka sauka, a Agusta kuma Amurkawa suka miƙa sansanin Agadas. Matasa da yawa a Damagaram da Yamai sun yi murna da hakan, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: shekara goma sojojin waje na ƙasar, tsaro bai inganta yadda aka yi alkawari ba. Sai dai korar soja abu ne na rana ɗaya, shi kuwa jirgin da aka karɓa kyauta yana ci gaba da neman kaya daga gidan da ya fito. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Sababbin abokan ma ba su fita daga wannan tarkon ba. Su-25 tsohon jirgin Sobiyat ne mai juriya, har akwai samfurinsa mai ƙugiya da Rasha ta yi amfani da shi wajen horar da matuƙa sauka a kan jirgin ruwanta Admiral Kuznetsov. Amma an daina ƙera sababbi, kuma ƙasashe biyun da suka fi iya gyara shi, Rasha da Yukiren, suna yaƙi da juna tun Fabrairun 2022, kowacce na amfani da shi a fagen daga, kowacce na buƙatar kayan gyaransa don kanta.

Bayraktar kuwa, da ake yi wa kallon mafita, shi ma ya taɓa shiga hannun masu riƙe kaya. Kyamarar da ke ƙarƙashinsa daga Kanada take zuwa, injinsa kuma daga kamfanin Rotax a Ostiriya. Lokacin yaƙin Azabaijan da Armeniya a 2020, Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarar, masu injin ma suka tsayar da nasu. Bambancin shi ne Turkiyya tana da masana'antu, sai kamfanin Aselsan ya fito da tasa kyamarar. Haka ta yi da Amurka ta cire ta daga shirin F-35 a 2019 saboda sayen makaman S-400 na Rasha: ta koma ta ƙera Bayraktar TB3, wanda ya tashi ya kuma sauka a kan jirgin ruwanta TCG Anadolu a watan Nuwamban 2024. Wannan hanya ce da aka shafe gomman shekaru ana ginawa da makarantu da injiniyoyi, ba a sanarwar taron manema labarai ba.

Ga kuma ƙasar kanta. Abin da gishiri ke yi wa jirgi a teku, shi rairayi ke yi masa a Sahel. Ƙurar da ke rufe Tanut da Belbeji a hunturu, wadda ke sa mai babur wanke matatar iska kullum, ita ce ke shiga injin jirgi tana goge fankokinsa, tana cin bakin farfelar masu saukar ungulu. Zafin bazara na rage ƙarfin inji da nauyin da jirgi zai ɗauka. Sashen da littafi ya ce zai yi sa'o'i kaza a Turai, a nan ba ya kaiwa.

A ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.2, jirgin da ke sa ido a kan hanyar Agadas, ko ya ɗauko sojan da ya ji rauni daga Diffa, ko ya kai abinci Dirku, ba kayan ado ba ne. Saboda haka idan aka ga hoton sabon jirgi ana yanka masa kyalle a Yamai, tambayoyin da suka dace ba su da daɗin ji a wurin biki: kayan gyaran shekara nawa aka haɗa a cinikin, 'yan ƙasa nawa aka tura koyon gyaransa, a ina za a yi masa babban gyara, kuma wace ƙasa ce ke da ikon cewa a'a?

Akwai wuri ɗaya da lissafin zai iya yin sauƙi. Nijar da Mali da Burkina Faso, da suka kafa ƙawancen AES a Satumban 2023, dukkansu suna amfani da Bayraktar TB2. Ƙasashe uku masu samfuri ɗaya na iya haɗa rumbun kaya ɗaya da bitar gyara ɗaya, su kuma yi ciniki da murya ɗaya. Sai dai kayan da ke da nauyi dole su bi ƙasa. Tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, hanyar Kwatano da 'yan kasuwa suka saba da ita ta toshe, manyan motoci suka koma tasowa daga tashar Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori cikin ayari da rakiyar sojoji kafin su shigo Tera. Daga nan zuwa Damagaram akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 1,000.